Likita, 'yata ta ce gara ta mutu: shagwaɓa ce ko ciwo?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 15 sai ƙarfe ɗayan dare yake kwanciya, tashinsa da safe kuma yaƙi ne. Awa nawa ya kamata ya yi barci?

Amsa: Awa 8 zuwa 10, Malam. Ƙannensa 'yan shekara 6 zuwa 12 kuwa, awa 9 zuwa 12. Balaga kan sa barci ya riƙa makara, don haka ba duka ne lalaci ba. Ya ajiye waya awa guda kafin kwanciya, ta kwana a wajen ɗakinsa. Idan yana munshari mai ƙarfi ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, a kai shi asibiti.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 4 har yanzu yana fitsarin kwance. Na yi dukan har na gaji.

Amsa: Ki huta, Malama, shi ma ya huta. Kafin shekara 5 ba ma kiran wannan ciwo, kuma sau da yawa gado ne. Duka tsoro yake ƙarawa, ba ya koya wa mafitsara komai. Abin dubawa shi ne yaron da ya daina wata shida sannan ya dawo, ko mai yawan ƙishirwa da rama, ko mai kuka in zai yi fitsari. Wannan a auna masa fitsari da suga.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 14 wata biyu ke nan tana fama da ciwon ciki da ciwon kai, an yi gwaji ba a ga komai ba. Ta daina kula ƙawayenta, abu kaɗan sai faɗa, makinta a makaranta ya faɗi. Rannan na ji ta ce gara ta mutu ta huta. Babanta ya ce shagwaɓa ce, yarinya me ta sani da za ta damu? Yayata ta ba ni diazepam, wani maganin sa barci, ina ba ta rabi da dare. In ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yau ko gobe ki kai ta asibiti, kada ki jira wani mako.

In fara da maganar maigida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na ɗauke da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka sun riga sun fara kafin shekara 14 ta wuce. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne ciwon damuwa a matashi bai cika zuwa da kuka ba. Yana zuwa ne da saurin fushi, da kulle ƙofa, da abinci da ake juyawa a kwano ba a ci, da ciwon ciki na safiyar makaranta. Ciwon cikin nan gaskiya ne, ba ƙarya take ba: hanji da ƙwaƙwalwa a haɗe suke ta jijiyoyi, in ɗaya ya takura ɗayan yana ji. Alamun da suka wuce mako biyu sun isa a bincika, ita kuwa wata biyu.

Maganar diazepam kuwa, haba Hajiya! Magani ne da jiki ke sabawa da shi cikin 'yan makonni, ba ya magance ciwon damuwa, sai dai ya kwantar da yarinya a zaci ta samu sauƙi. Kuma kin ajiye kwalbar ƙwayoyi a gidan da wani ke maganar mutuwa. Ki kulle shi yau, tare da sauran magunguna, da maganin ƙwari, da duk wani abu mai kaifi. Idan kwana biyu-uku kika ba ta, ki daina. Idan an yi makonni kullum, kada ki yanke lokaci guda, likita ne zai rage shi a hankali. Ki tafi masa da kwalin.

A daren yau ki zauna da ita ku biyu, ki tambaye ta kai tsaye: “Kina tunanin kashe kanki? Kin shirya wata hanya?” Iyaye na tsoron tambayar za ta shuka tunanin, amma bincike ya nuna ba ta shukawa. In ta amsa, ban da wa'azi, ban da faɗa, ki saurara. In ta ce akwai shiri, ko ta taɓa gwadawa, kada a bar ta ita kaɗai, a wuce sashen gaggawa a daren.

A asibiti za a duba ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo, domin suna kama da ciwon damuwa. Likita zai so ganinta ita kaɗai na ɗan lokaci. Ki yarda, a nan ne maganar tsangwama a makaranta ko cin zarafi kan fito. Ciwon damuwa mai sauƙi kan tafi da zaman tattaunawa da ƙwararre. Mai tsanani ana haɗawa da magani, galibi fluoxetine. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 kan matasa 439 ya samu kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa biyun sun samu sauƙi a mako 12, kashi 35 kawai a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Maganin na ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kuma a makonnin farko tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a wasu, don haka a sa ido, a koma asibiti da zarar an ga canji. In da hali, babanta ya raka ku ya ji da kunnensa.

Tambaya: Ɗana mai asma, in hana shi wasan guje-guje?

Amsa: A'a. Ana son yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 na motsa jiki a rana, mai asma ma haka. Maganin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa, malaminsa ya san da shi. In gudu kaɗan na tayar masa da tari, asmar ce ba ta daidaita ba, ku koma wurin likitansa.