Amsa: Wanda aka ƙaƙaba wa takunkumi yana da inda zai kai kuka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwamnatoci na iya rufe asusun mutum haka kawai, kotu ba ta ce uffan ba. Akwai iyaka, kuma shari'ar Yasin Kadi ce ta fito da ita fili.

Kadi ɗan kasuwa ne daga Saudiyya. A watan Oktoban 2001 Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka sunansa cikin waɗanda ake zargi da tallafa wa Alƙa'ida, Tarayyar Turai ta riƙe dukiyarsa. Ba a nuna masa hujja ba, balle a saurare shi. Mutum da kuɗinsa a banki, amma ko kuɗin lauya sai an ba shi izinin cirewa!

Ranar 3 ga Satumban 2008 babbar kotun Tarayyar Turai ta soke matakin. Ta ce dole a faɗa wa mutum dalili, a ba shi damar kare kansa, alƙali kuma ya iya dubawa, ko da umarnin daga Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito. A 2009 Majalisar ta kafa ofishin karɓar koken waɗanda aka saka sunansu. Abin da ke damuna, duk da wannan hukuncin, sai 2012 Majalisar ta cire sunansa, bayan shekara 11.

A Amurka kuwa kotuna sukan bar wa gwamnati wuƙa da nama, musamman idan mutumin baƙo ne da ke zaune a waje.