Shin Xbox ta daina ƙera na'ura ne?

Tambaya: Malam, ina da na'urar wasan bidiyo ta Xbox Series X da tarin wasanni a faifai. Yanzu kuma ina ganin wasanninsu a PlayStation, na'urar kamfanin Sony. Ko sun bar ƙera na'ura ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba su bari ba. A watan Yunin 2025 Microsoft, mai Xbox, ta sanar da yarjejeniya da AMD, kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, kan ƙwaƙwalwar na'urarta mai zuwa. Sai dai akalar ta karkata. Tun da Microsoft ta sayi kamfanin wasanni na Activision Blizzard a 2023 kan kusan dala biliyan 69, burinta wasa ya kai ga kowa, a kwamfuta, a waya, ko a na'urar hannu irin ROG Xbox Ally da Asus ta ƙera. Shi ya sa wasanta na tseren mota, Forza Horizon 5, ya shiga PlayStation 5.

Faifanka ne ya fi damuna. Xbox Series S, ƙanwar taka, tun 2020 ba ta da wurin sa faifai, a 2024 kuma aka fito da Series X marar shi. Ni kam ina son wasan da zan iya ara wa aboki. Kada ka sayar da taka har sai ka tabbatar sabuwar za ta karanta faifai.