Jirgi mai gudu ko mai ɗaukar kaya: amsa ga ɗan kasuwar Yauri

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Yauri. Na tara 'yan kuɗi, ina so in zuba su a jirgin ruwa mai inji, in riƙa jigilar fasinja tsakanin Zamare da Rofiya da kasuwannin bakin tafkin Kainji. An nuna mini guda biyu na hannu: ƙaramin jirgin faiba (wata irin roba mai tauri) mai gudu, injinsa Yamaha mai ƙarfin doki 75, da wani ɗan dogo mai faɗin ciki, doki 40. Raina ya fi kwanta da mai gudun, don na ga mutane na son isa da wuri. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya wa dukiya albarka.

Kafin ka dubi jirgin, dubi mutanen da za su shige shi. Wanda ke tsallakawa ranar kasuwa da buhun masara, da kwandon kifi, wani ma har da babur, ba zai ƙara maka ko naira ba don ka rage masa minti goma. Masu biyan kuɗin gudu su ne masu shatar jirgi gaba ɗaya: ma'aikatan lafiya, jami'an gwamnati, 'yan biki, ko mai mara lafiya. In kana da irin waɗannan a hannu kowane mako, mai gudun zai iya ciyar da kansa. In kuwa 'yan kasuwa za ka dogara da su, shawarata mai doki 40 ne, kuma dalilina fetur ne.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ne ke cinye ribar wannan sana'a. Injin irin wanda ake gauraya wa fetur da man inji, in an buɗe masa wuta duka, mai doki 40 yana shan lita 15 zuwa 20 a awa, mai doki 75 kuwa yakan kai lita 30 ko fiye. Sai ka ƙara man injin da ake zubawa, galibi lita 1 a kan lita 50 ta fetur. Lissafin da nake so ka yi shi ne: man da sawu ɗaya ya ci, zuwa da dawowa, ka raba shi da yawan mutanen da ka ɗauka. Jirgin da ya fi shan mai kuma ya fi ƙarancin wurin zama, ka ga ya cuce ka ta gida biyu.

Akwai kuma abin da dillali ba zai gaya maka ba. Ƙaramin jirgi mai gudu ba ya nuna bajintarsa sai ya ɗaga ƙirji ya hau saman ruwa. Da an yi masa lodi mai nauyi, sai gindinsa ya nutse, hancinsa ya kalli sama, ya riƙa ture ruwa yana kururuwa, ga shan mai ga rashin gudu. Shi ya sa kada ka yarda da gwajin da za a yi maka da mutum biyu a ciki. Ka sa a zuba masa nauyin da zai riƙa ɗauka a zahiri, ka auna fetur da jarkarka, ku bi hanyar da za ka riƙa bi, sannan ka ga abin da ya rage.

Ka tuna kuma da irin ruwan da kake ciki. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe garuruwa da dazuzzuka, har yau kututturan itatuwa na nan ƙarƙashinsa, suna matsowa kusa idan ruwa ya ja baya. Bugun kututture da gudu na iya tsaga faiba, ya karya farfela, ya lalata giyar inji a take. Ka nemo wani dattijo cikin Sarkawa da ya san hanyar, ka biya shi ya zauna da ku ranar gwaji.

Tunda na hannu ne, je da makaniken da kai ka ɗauko. Ya kwance ƙusar giyar ƙasan injin ya tsiyayo ɗan mai. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa na shiga. Ya tayar da injin da safe yana sanyi, ku ga ko ruwan sanyaya shi yana tsartuwa da ƙarfi ta baya. Ka danna injin ƙasa da hannu ka kalli allon da yake maƙale a jiki. In yana lanƙwasa, katakon cikinsa ya ruɓe. Ka karɓi rasidi mai lambar inji, don ana satar injinan nan.

Kada kuɗinka su ƙare a saye. Ka ware na rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa mai hedikwata a Lakwaja, da na ƙungiyar masu jirage, da farfelar ajiya, da rigar kariya ga kowane fasinja har yara. Kai ka fi ni sanin abin da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, inda jirgin da ya taso daga jihar Neja cike maƙil ya nutse, mutane fiye da 100 suka ɓace. Don Allah ka yi wa direbanka albashi tsayayye, kada ka ɗora masa balas, wato kuɗin da dole ya kawo maka kullum, mai nauyin da zai tura shi yin lodin wuce kima ko tafiyar dare, wadda hukuma ta hana.

Ka samo mini litar man da kowane jirgi ya sha a gwajin, da kuɗin da ake biya a kan mutum ɗaya da buhu ɗaya, sai mu lissafa watannin da za ka mai da uwar kuɗinka.