Kat-kat, Tsohuwar Zuma da Ma'anar Ƙarko

Tambayoyin wannan mako duk a kan mota suka faɗo, kuma na ji daɗin haka, domin tasha da garejin kanikawa suna cikin wuraren da Hausa ta fi haihuwar sababbin kalmomi.

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya ce ya je Maraɗi ya ji ana kiran manyan motocin shiga daji "kat-kat". Yana tambaya ko daga ƙarar inji aka samo sunan.

A'a, ɗan'uwa, ko da yake kunnenka bai yi laifi ba, don kalmar ta yi kama da irin su ƙwas-ƙwas da kaf-kaf. Daga Faransanci ta zo, inda huɗu take "kat". Kat-kat ke nan huɗu sau huɗu, wato mota mai ƙafa huɗu wadda inji ke juya dukkan huɗun. A Najeriya "jif" muke cewa, daga Jeep ɗin da sojojin Amurka suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita. Yau ko Toyota ce, in dai doguwa ce, jif ce, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakinmu.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi riƙe ni. Wani matashin direba daga Agadas ya rubuto cewa maigidansa, wanda ya koya masa tuƙi, yana da Land Cruiser mai inji 1HZ, kuma bai taɓa kiran injin da wannan suna ba, sai dai "Tsohuwar Zuma". Ya ce: "Malam, injin nan fa nawa gare shi, ƙananan motoci ma wuce mu suke yi a kwalta. Yabo ne wannan suna ko zambo?"

Yabo ne, ɗana, kuma babba. Maigidanka ya gutsuro rabin karin magana ne ya bar maka sauran: da tsohuwar zuma ake magani. Haka Bahaushe yake laƙabi, ya faɗi kai ya bar mai ji ya kawo ƙafa. Kamfanin Toyota ya fito da wannan inji a 1990. Na gas ne, abin da ku a Nijar kuke kira gazuwal, lita 4.2, silinda shida a jere, kuma ƙarfinsa bai wuce na doki 130 da 'yan kai ba. Shi ya sa ake wuce ku. Amma ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarin ƙarfi, kuma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. In ya yi gardama a Tenere, tsakanin Agadas da Dirku, inda babu gareji babu inuwa, mutum mai sifana da haƙuri zai iya shimfiɗa buhu a kan rairayi, ya kwance matatar mai, ya fitar da iskar da ta shiga bututu, ya tayar. Sabon inji mai na'urori ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, amma in ya ɗauke wuta a wurin nan sai an nemo mai kwamfuta. Wanda ya taɓa kwana a sahara yana ƙirga sauran ruwan jarka ya san wanne ne magani a cikinsu.

Af, tun da zancen silinda ya zo: kanikawanmu kan ce mota "mai fulogi shida ce", har a kan injin gas, alhali shi ba ya ƙona mai da tartsatsin fulogi, nozul gare shi. Ban ɗauki wannan kuskure ba. Fulogi ya tashi daga sunan ƙarfe ya koma ma'aunin girman inji, kuma kowa a gareji ya gane.

Ba mu kaɗai ke wannan raɗin suna ba. 'Yan'uwanmu na Sudan sun san ana kiran Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya "Tacha", da sunan Margaret Thatcher, Firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, saboda taurin da aka san ta da shi. Mu kuma muna da a-kori-kura da gingimari.

Sai wata malamar makaranta daga Katsina da ke son sanin bambancin ƙarfi, ƙarko, inganci da aminci, don ta ga masu tallar mota suna zuba su wuri ɗaya.

Malama, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ƙarfi na yanzu ne: motar ta ja kaya, ta hau tudu. Inganci na ƙira ne, ana iya duba shi ranar saye. Ƙarko kuwa ba a ganinsa a shago, sai shekaru sun ba da shaida, shi ya sa muke cewa atamfa ta yi ƙarko bayan ta sha wanki. Saboda haka duk wanda ya ce miki sabuwar mota fil "mai ƙarko ce", fata yake yi, ko kuma yana ara daga sunan da magabatanta suka yi. Aminci ya fi su duka nauyi, domin kalma ce ta tsakanin mutane, 'yar'uwar amana da amini. In direba ya ce injinsa yana da aminci, ya ɗauke shi daga sahun kaya ya sa shi a sahun abokan tafiya. Injin da ɗan Agadas ya kawo zancensa ba ya cikin na gaba a ƙarfi, amma ƙarkonsa ya haura shekara talatin ana gani, kuma amincin ne maigidansa yake nufi da ya kira shi Tsohuwar Zuma.