Muryar amsa: ƙwayar gado ta WAS da yaro mai ƙananan filatilet

Assalamu alaikum 'yan group, barkanmu da yamma. Ƙanena da ya tambaya ya aka yi ƙwayar gado guda ɗaya, wadda aikinta kula da aktin ne, wato wani furotin mai zaruruwa a cikin tantanin jiki, ke haɗa zubar jini da ƙurajen fata da yawan kamuwa da cuta a jikin yaro ɗaya, ga amsarka. Muryar za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Sunanta WAS, tana kan kuromosom X, a gajeren hannunsa, wurin da ake kira Xp11.23. Ekzon 12 gare ta, wato sassan da ke ɗauke da saƙon ƙera furotin, furotin ɗin da take haifarwa kuma, WASp, amino asid 502 ne. A 1994 aka gano ta, amma ciwon, wanda ake kira Wiskott-Aldrich, ya riga ta suna. Alfred Wiskott, likitan yara a Jamus, ya bayyana shi a 1937 a jikin 'yan uwa maza uku, sannan a 1954 Robert Aldrich a Amurka ya bi salsalar wani dangi ya nuna ta wajen uwa ake gadonsa. Abin da za ka fara riƙewa: a tantanin jini kaɗai ake yin WASp, wato duk abin da ɓargo ke haifarwa. Shi ya sa zuciya da ƙwaƙwalwa ba su shiga ciki ba, alhali su ma cike suke da aktin. Su wani ɗan uwansa ne, N-WASP, ke yi musu aikin.

To, aktin ɗin kansa zaruruwa ne sirara, kaurinsu kamar nanomita 7, kuma ba a tsaye suke wuri ɗaya ba. Kamar rumfar kasuwar ƙauye ne, a kafa nan da safe, a kwance da yamma, a kai wani gefen. Da haka farin tantanin jini ke rarrafe, da haka yake rungumar ƙwayar cuta ya haɗiye. Mai fitar da reshe a jikin zaren wani gungu ne mai sassa 7, Arp2/3, reshen kuma yana fita a kusurwar digiri 70. Amma Arp2/3 ba ya tashi da kansa, sai an tashe shi, kuma WASp ne mai tashinsa.

Ga yadda abin ke gudana. WASp a naɗe yake zama, wutsiyarsa da ake kira VCA ta lanƙwaso ta manne a tsakiyarsa, wurin GBD, ta ɓoye. Idan saƙo ya zo daga fatar tantanin, wani furotin mai suna Cdc42, idan yana ɗauke da sinadarin GTP da ke kunna shi, sai ya kama GBD, wani kitse na fatar mai suna PIP2 ya kama gefensa, furotin ɗin ya buɗe. Da ya buɗe, VCA ta riƙo aktin guda ɗaya da Arp2/3 ta haɗa su, reshe ya fito. A can ɗaya ƙarshen WASp ɗin kuma, ɓangaren WH1, akwai wani furotin, WIP, da ke riƙe da shi yana hana a narkar da shi. Nan ne yawancin kurakuran sauya harafi ɗaya ke faɗawa, ekzon na 1 zuwa na 4. WIP ya kasa kamawa da kyau, WASp ya riƙa lalacewa, sai ɗan kaɗan ya rage. Irin waɗannan yaran sau da yawa ciwonsu mai sauƙi ne, ƙarancin filatilet kawai, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ana ce masa XLT. Wanda kuskuren ya datse furotin ɗin gaba ɗaya, babu WASp ko kaɗan, shi ne ke zuwa da cikakken ciwon.

Yanzu ka haɗa da jikin yaron. Tantanin T, ɗaya daga fararen tantanin jini na garkuwar jiki, idan zai gana da mai nuna masa ƙwayar cuta, sai ya tara aktin a mahaɗarsu. Babu WASp, mahaɗar ba ta ƙulluwa da kyau. Makurofaj, tantanin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta, ba ya iya kafa 'yan ƙafafun da yake dafe wuri da su, tafiyarsa ta rikice, haɗiyarsa ta yi rauni. Tantanin B, mai ƙera furotin ɗin garkuwa, ba ya amsa ƙwayoyin cuta masu rigar sukari irin su niyumokokas. A takardar gwajin furotin ɗin garkuwa, wato imiyunogulobulin, za ka ga IgM ƙasa, IgA da IgE sama, IgG kusan daidai. A jiki kuma kunne na zubar da mugunya a kai a kai, ciwon huhu, wani lokaci sanƙarau, ga ekzima mai ƙaiƙayi da ake sosawa har ta yi jini. Daga baya garkuwar kan juyo kan mai ita ta fasa jajayen ƙwayoyin jini, akwai kuma haɗarin limfoma, wato kansar fararen tantanin jini.

Amma inda nake so 'yan lab da 'yan sashen yara ku tsaya shi ne filatilet. Kaɗan ne, galibi ƙasa da 70,000 a kowace maikurolita ta jini, kuma ƙanana ne. MPV, wato matsakaicin girman filatilet, na mai lafiya yana tsakanin 7 da 11 femtolita, na waɗannan yaran yakan sauka wajen 4 zuwa 5. Iyayen filatilet ɗin a ɓargo suna nan da yawansu, saifa ce ke kwashe 'ya'yan da wuri saboda ƙirarsu ta samu matsala. A ITP kuwa, wato ciwon da garkuwar jiki ke lalata filatilet, filatilet ɗin manya ne, domin sababbi ne ɓargo ke ta turowa. Wannan layi ɗaya na MPV a takardar FBC, wato gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda kusan kowa ke tsallakewa, shi ke raba ciwon biyu, kuma a ganina sakaci ne a ɗora wa jariri namiji sitiroyid da sunan ITP ba a duba shi ba.

Sai dai injin ma yana ruɗi. Idan filatilet sun yi ƙasa sosai wasu injinan ba sa bayar da MPV, ƙananan kuma suna iya faɗawa ƙasa da ma'aunin injin ya ɗauke su tarkace. Jini idan ya daɗe a kwalbar EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, filatilet na kumbura, MPV ya hau, don haka a auna cikin awa ɗaya zuwa biyu. Idan an riga an ƙara wa yaron filatilet, na mai bayarwa kake aunawa. A shafa jinin a gilashi a duba da ido. Kuma a nan wajenmu zazzaɓin cizon sauro ma yana saukar da filatilet, to a yi magani a sake gwaji. Na maleriya yana dawowa daidai, wannan ba ya dawowa. Tabbatarwa kuwa sai an auna WASp a fararen tantanin jini da fulo-saitometiri, na'urar da ke auna tantani ɗaya bayan ɗaya, sannan a karanta ƙwayar gadon.

Tambayar iyali da Hausa ake yinta, ba da sunan ciwo ba. A ce wa uwar yaron: Baiwar Allah, a cikin 'yan uwanki maza ko 'ya'yan 'yan uwanki mata, akwai wanda ya rasu yana ƙarami da zubar jini? Uwa mai ɗauke da shi lafiyarta ƙalau, amma duk ɗa namiji da za ta haifa rabi da rabi ne, 'ya mace kuma rabi da rabi ta ɗauka. Ba ruwansa da auren zumunci. Wanda ke bin auren zumunci shi ne rashin WIP ko rashin ARPC1B, ɗaya daga sassan Arp2/3, kuma waɗannan har mata suna kamawa.

Idan ana zargi, a dakatar da kaciya, da cire beli, da duk wani tsaga na wanzami, domin sau da yawa a nan jinin ke fara ƙin tsayawa. Ban da asfirin da ibufurofen, ban da allurar tsoka. Rigakafi mai rai, irin BCG da ɗigon shan inna da na ƙyanda, likitan yaron ne zai yanke, kuma wannan na yaron nan ne kaɗai, sauran yara a ci gaba da kai su. Ana ba da kotirimokzazol don kariya, da imiyunogulobulin ta jijiya duk mako 3 zuwa 4, jinin da za a ƙara masa kuma a haska shi tukuna. Cire saifa yana ɗaga filatilet, amma yana buɗe ƙofa ga cutar jini mai kisa cikin sa'o'i, don haka ba a gaggawarsa. Waraka dashen ɓargo ne, ya fi kyau kafin shekara 5, kuma a manyan cibiyoyi kusan kashi 90 cikin 100 suna rayuwa. Idan ɗan uwansa namiji ne zai ba da ɓargon, a fara gwada shi, kada a ɗauko daga wanda shi ma yana da XLT ba a sani ba.