Kafin ka zuba kifin rafi a akwatin gilashi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kifin da aka kamo a rafi zai rayu a akwatin gilashi. Zai rayu, amma fara sanin irinsa. 'Yar tarwadar da ba ta wuce yatsa ba yau tana iya kai mita 1, kuma duk ƙaramin kifin da ya shige bakinta haɗiye shi za ta yi. Karfasa kuwa tonon yashi take, ta tumɓuke tsirrai.

Kada ka zuba musu ruwan famfo kai tsaye, sinadarin kulorin yana kashe su. Duk mako ka canza rubu'in ruwan.

In sun fi ƙarfinka, don Allah kada ka mayar da su rafi, za su iya kai cuta can. Nemi wani mai kiwo ka ba shi.