Me injiniya zai koya daga hancin kifi?

Malam, ka tambaya ko da gaske ne injiniyoyi na kwaikwayon hancin kifi. Gaskiya ne, kuma ga misali.

A kogin Misisifi na Amurka akwai wani kifi da ake kira paddlefish, mai dogon hanci shimfiɗaɗɗe kamar filafilin kwalekwale, tsawonsa ya kai kusan sulusin jikin kifin. Da shi yake jin ɗan ƙarfin lantarkin da ƙananan halittun ruwa ke fitarwa, ya gano inda abincinsa yake.

Abin da ya ja hankalin masu bincike na rundunar sojan Amurka a garin Vicksburg shi ne ginin cikin hancin. Guringuntsi ne a tsakiya, sai ƙananan ƙasusuwa masu siffar taurari da suka sarƙe da juna suka rufe shi. Idan nauyi ya danna wuri ɗaya, sarƙar nan sai ta watsa shi ko'ina, ba ya taruwa balle ya karya. Ga ƙarfi, ga rashin nauyi. Irin wannan tsari suke nema don bangon kariya.

Sai dai kada ka ɗauka an gama. Ƙashi yana gyara kansa idan ya tsage, ƙarfe kuwa sai an kira mai walda.